Sharhi Kan Sabon Kundin Dodanni: An Wanke Ork, An Bar Kura Da Laifi

Littafin da zan yi magana a kansa ya sha hanya kafin ya iso hannuna a nan Garwa, a ƙasar Kamaru. Wani ɗan'uwa ne ya sayo mana shi a Turai, ya sauka da shi a Duwala, aka ɗora shi a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, sannan motar haya ta ƙaraso da shi cikin kwalin da aka cusa wa tsummoki. Sunansa Monster Manual, bugun watan Fabrairun 2025, kuma shi ne kundin dodanni na wasan nan da ake kira Dungeons & Dragons, wanda kamfanin Wizards of the Coast na Amurka yake wallafawa. Mun yi wata biyar muna amfani da shi kowace Asabar bayan la'asar, kuma ina ganin lokacin ya isa mutum ya faɗi abin da ya gani.

Ga wanda bai san wasan ba, abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne tatsuniya, sai dai tatsuniya ce wadda masu sauraro suke cikinta. Mutum ɗaya ne jagora, shi yake zana ƙasa da garuruwa da abokan gaba da bakinsa, sauran kuma kowa yana riƙe da gwarzo ɗaya da ya ƙirƙira, yana faɗin abin da gwarzon zai yi. Idan abin yana da wuya, sai a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin, lambar da ta fito ta raba gardama. Ba a sa kuɗi, ba a cin kowa, abin da na sha nanata wa mutanen gidanmu ke nan tun ranar da suka fara jin ƙarar 'ya'yan ludo a zaure. Mu shida ne, ana magana da Hausa, a tsoma Fillanci idan rai ya ɓaci, a koma Faransanci idan za a yi lissafi. Ni ne jagora, saboda haka ni ne littafin ya fi shafa, domin daga cikinsa nake zaɓo abin da zai tare musu hanya.

Ta fuskar aiki, ba ni da dogon ƙorafi. Shafi 384 ne, da halittu sama da 500, kuma kuɗinsa a Amurka a 2025 dala 49.99, wato kusan sefa dubu talatin tun kafin a yi maganar ɗauko shi, abin da ya sa muka yi karo-karo. An jera halittun bisa haruffa, kowace da sunanta, maimakon a tara shaiɗanu wuri ɗaya kamar yadda bugun 2014 ya yi. Wannan yana saurin kai mutum inda yake nema idan ya san sunan da Ingilishi, amma yana wahalar da irinmu da muka fara sanin sunayen da Faransanci. An ƙara wa kowace halitta bayanin inda take zama da irin dukiyar da ake samu a wurinta, kuma a ƙarshen littafin akwai jadawalin da ya raba su bisa mazauni da ƙarfi, wanda ya rage mini aikin daren Juma'a ƙwarai. Zanen ma ya yi kyau, har yaran gida suna roƙon a buɗe musu su kalla. Wanda yake jan wasa da sababbin dokokin 2024 zai ci moriyar kuɗinsa.

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. A ƙarƙashin sunan kowane dodo akwai wani ɗan layi da yake faɗin halinsa: nagari ne, mugu ne, ko tsaka-tsaki, mai bin tsari ne ko mai yamutsi. Wannan layin ya girmi yawancin masu wasan. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, ɓangarori uku ne kawai, tsari da yamutsi da tsakiya, daga baya aka faɗaɗa su zuwa tara. Matsalar ita ce ba a kan mutum ɗaya ake rubuta layin ba, a kan al'umma guda ake rubuta shi. Bugun 2014 ya ce Ork, waɗannan ƙarfafan masu haure, mugaye ne masu yamutsi, ya ce goblin, wasu gajerun halittu masu kama da mutane, mugaye ne, kuma littafin 'yan wasa na wannan shekara ya bayyana cewa gumakan da suka ƙera irin waɗannan halittu sun dasa musu karkata zuwa ga sharri tun daga asali. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Duro. Jinsin elf ne, wato wasu halittu masu kama da mutane masu kunne mai tsini, amma an yi su baƙaƙe, an sa su a ƙarƙashin ƙasa suna bauta wa gizo-gizo, an rubuta musu mugunta, alhali 'yan'uwansu farare na cikin kurmi an rubuta musu kirki. Baƙin mutum ba ya bukatar wani ya yi masa tafsirin wannan hoto.

Kamfanin da kansa ya amsa cewa akwai gyara. A watan Yunin 2020 ya fitar da sanarwa cewa daga yanzu za a nuna Ork da Duro a matsayin al'ummomi masu nagari da mugu kamar kowa, a ƙarshen 2021 aka goge layin hali daga jinsunan da 'yan wasa suke zaɓa, sannan littafin 'yan wasa na 2024 ya sa Ork cikin jerin jinsunan farko, kusa da mutum da elf. Saboda haka na buɗe sabon kundin ina ɗokin ganin yadda za su rubuta Ork da kasuwarsa da sarakunansa da malamansa. Na duba harafin da ya kamata ya kasance, babu shi. Na duba Duro, babu shi. Abin da aka yi shi ne an cire su gaba ɗaya, aka ajiye wani jadawali a baya wanda yake cewa idan kana son mayaƙin Ork, ka ɗauki lissafin ɗan daba na gama-gari ka ce Ork ne. Hikimar a fili take: ɗan fashi ɗan fashi ne ko daga wace ƙabila ya fito, aikinsa ne ya sa shi cikin littafin dodanni. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai an bar jagora da hannu wofi, domin an kwashe tsohon bayanin ba a zuba wani a gurbinsa ba, kuma jagoran da bai da lokacin ƙirƙira zai koma ga abin da ya saba, wato ƙato mai gatari da ba ya jin magana.

Sauran kuma dabara aka yi musu. Goblin an fitar da shi daga sahun masu kama da mutane aka mayar da shi cikin mutanen ɓoye, aka sassauta layinsa ya zama mai yamutsi amma tsaka-tsaki. Kobol, wata ƙaramar halitta mai kama da ƙadangare, ya koma dangin daragon, manyan dodannin nan masu fukafukai. Wannan sauyi yana da tasiri a kan tabarma, domin sihirin da yake daskarar da mutum ba ya kama goblin yanzu, abin da ya sa mai riƙe da boka a cikinmu ta yi kwana biyu tana mita. Abin mamaki, 'yan'uwan goblin na jini, hobgoblin mai rundunar soja da bugbiya mai kwanton ɓauna, su ma an mayar da su mutanen ɓoye amma an bar musu layin mugunta yadda yake. Gida ɗaya, an wanke ƙane, an bar yayye biyu da tabo, kuma ban ga inda aka ba da dalili mai gamsarwa ba.

Sai kura. A wasan akwai wata halitta da ake kira nol, mai jikin mutum da kan kura, kuma ita ce aka ɗora wa dukan kayan da aka sauke daga kan Ork. An mayar da nol shaiɗan kai tsaye, mugu mai yamutsi, bawan wani babban shaiɗani mai suna Yeenoghu, ba ciniki, ba sulhu. Har lissafi ya goyi bayan hakan, domin barden da ya yi rantsuwar kare gaskiya yana samun ƙarin ɗan ludo mai fuska takwas duk lokacin da ya kai wa shaiɗan saran nan nasa mai tsarki. Gwaggona da take zaune kusa da mu tana tsince shinkafa, da aka nuna mata zanen aka yi mata bayani, cewa ta yi: "Ashe ko a ƙasar Turawa kura ba ta da mai tsaya mata." Gaskiyarta. A tatsuniyoyinmu ita ce mai kwaɗayi, mai tsoro, wadda Gizo yake yi wa wayo, a wasan gardawa kuma ita ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alhali kurar da take yawo a dajin Binuwai da na Waza dabba ce mai zaman dangi a ƙarƙashin jagorancin mata, tana farautar mafi yawan abin da take ci da kanta, kuma tana shayar da 'ya'yanta fiye da shekara.

Wannan shayarwa ce ta jawo abin da ya faru a zamanmu na wata na uku. Na shirya musu labarin wani ƙauye da nol suke sace wa shanu, suka bi sawu har cikin kogon dutse, suka yi faɗa mai tsanani, suka ci nasara. Da suka shiga lungun ƙarshe, sai na ce sun tarar da 'ya'yan nol guda huɗu a kwance cikin ciyawa, idonsu bai gama buɗewa ba. Ban yi haka don in gwada kowa ba, tunanina kawai shi ne duk inda aka ga garke akwai ƙanana. Zauren ya yi tsit. Ɗan yayata, wanda yake riƙe da barden, ya ɗago kai ya ce: "Kawu, su ma kashe su za mu yi?" Na ce masa gwarzonsa ne, shi zai yanke. Sai abokina, malamin lissafi a wata makarantar sakandare, ya jawo littafin ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan layin ya ce ai shari'a ta ƙare, an rubuta shaiɗanu ne, kuma wanda ya bar ɗan shaiɗan da rai shi zai ɗauki alhakin makiyayin da za a cinye nan da shekara biyar. Ya ƙara da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mai riƙe da boka, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta amsa masa da cewa: "Malam, ai mu ne kuma muke cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba." Shayi ya huce a kofuna, ba a jefa ɗan ludo ko sau ɗaya ba har aka kira magariba.

Daga baya na gano cewa bisa ƙa'idar littattafan, ni ne na yi kuskure. Bugun 2014 ya riga ya faɗa cewa kurayen da suka ci naman wanda wani zaɓaɓɓen bawan Yeenoghu ya kashe su ne suke rikiɗewa su zama nol, manya cikakku, ba goyo ba yaye. Wato marubutan sun hango wannan tambaya, domin tsohuwa ce: wani shahararren labarin wasan na 1979 ya lissafa mata da 'ya'ya a cikin kogunan dodanni, kuma tun lokacin ake jayayya a kan abin da ya kamata jarumi ya yi da su. Maganin da suka samo shi ne su raba nol da haihuwa domin su raba ɗan wasa da tausayi. Dabara ce mai aiki, kuma ba zan ce rashin gaskiya ba ce, amma tana nuna cewa su ma sun san inda iyakar take. Duk halittar da take haihuwa, take goyo, take koya wa ɗanta magana, ba za ka iya rubuta mata mugunta a jini ba sai ka shirya amsa tambayar ɗan yayata.

Abin da ya sa ban ɗauki zancen a matsayin wasa kawai ba shi ne mu a nan mun san irin wannan layin a rayuwa. Ma'aikaciyar jinyar ce ta fara ambata shi a daren, da ta ce maganar malam ta tuna mata da zancen maita. Kowa a cikinmu ya san gidan da ake raɗa cewa mayu ne, an ce abin gado ne, ana sha a nono, saboda haka yarinyar gidan tana iya kai shekara talatin ba wanda ya zo neman aurenta, ba don an taɓa kama ta da wani laifi ba. Mun san kalmar kirdi da aka daɗe ana jifan mutanen duwatsun Mandara da ita, sunan da ya haɗa ƙabilu masu yawa da harsuna daban-daban a buhu ɗaya, kuma a zamanin da ya wuce ya sauƙaƙa wa masu hari kama su bayi. Mu Hausawa ma an kira mu Haɓe a bakin wasu, ba kuma da nufin yabo ba. Ba ina cewa wanda ya kashe goblin a takarda zai tashi ya zalunci maƙwabcinsa ba, wannan zance ne mara tushe. Abin da nake cewa shi ne tsarin tunanin iri ɗaya ne, kuma ba na jin daɗin zama ina koya wa yaro ɗan shekara goma sha shida shi a kowace Asabar, ko da cikin raha ne.

Kuma muna da abin da ya fi wannan a gida. Aljannu, waɗanda suka fi kowane goblin ban tsoro a wurin Bahaushe, Alƙur'ani ya kawo maganarsu da bakinsu a cikin Suratul Jinn cewa a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba, akwai waɗanda suka miƙa wuya akwai azzalumai. Ifritu, wanda tsohon kundin ya rubuta wa mugunta a matsayin jinsi, a Suratun Namli wani daga cikinsu ne ya miƙe a fadar Annabi Sulaiman ya ce zai kawo gadon sarautar Bilkisu, yana mai cewa shi mai ƙarfi ne amintacce. Iblis kansa da girman kai da ƙin bin umarni ya faɗi, abu ne da ya aikata. A tatsuniya ma, Dodo yawanci shi kaɗai ne a bakin rafi ko a tsakiyar daji, ana tsoronsa saboda yarinyar da ya haɗiye, kuma macijin rijiyar Kusugu ta Daura maciji ɗaya ne da ya hana mutane ɗiban ruwa, ba a ce a bi dukan macizai a kashe ba. Da marubutan kundin sun bi wannan hanya, da ba su bukaci goge Ork ba, da sai su rubuta shi da fadarsa da 'yan fashinsa da masu sulhunsa. An ma taɓa yin haka a cikin wasan: a duniyar Eberron da ta fito a 2004, wasu Ork su ne tsofaffin masu gadin ƙasa daga halittun da suke son lalata ta.

Dole in ba malamin lissafi haƙƙinsa, domin hujjarsa ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Ya ce shi ya wuni mako guda yana fama da ɗalibai da iyayensu da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, idan ya zo zaure ranar Asabar yana son abokin gaban da zai sara ba tare da an tsayar da shi a gaban alƙali ba. Wannan bukata ce ta gaskiya, kuma wasan da kowane faɗa yake zama zaman makoki ba zai daɗe ba. A nan kundin ya yi masa tanadi mai yawa: ƙasusuwa masu tafiya, gawarwakin da boka ya tayar, gumakan ƙarfe, shaiɗanun da aka ƙera daga sharri tsantsa, da wasu manyan bala'o'i sababbi da aka ƙara domin gwarazan da suka yi nisa. Ba ɗayansu da yake da uwa. Akwai kuma 'yan fashi da 'yan ƙungiyar asiri da azzaluman sarakuna, waɗanda aikinsu ya isa hujja. Da wannan jeri, ban ga abin da ya sa har yanzu ake bukatar wata ƙabila mai garuruwa da tutoci kamar hobgoblin ta zauna da tambarin mugunta ba.

Gabatarwar littafin ta faɗa a sarari cewa layin hali shawara ce kawai, jagora yana da ikon sauya shi yadda labarinsa yake so. Na ji daɗin ganin wannan, amma jumla ɗaya ce a farkon littafi mai shafi kusan ɗari huɗu, kuma a lokacin gardama ba ita malam ya buɗe ba, shafin nol ya buɗe. Abin da aka buga a ƙarƙashin hoto ya fi abin da aka faɗa a gabatarwa nauyi a idon mai karatu, musamman wanda Ingilishinsa bai kai ya bi dogon bayani ba, ya dogara da kalmomi biyun da ya gane.

Ga mai tunanin saye, shawarata ta danganta da inda yake. Ƙungiyar da ta koma dokokin 2024 ta haɗa kuɗi ta sayi kwafi ɗaya, ya ishe ta, domin jagora kaɗai yake bukatarsa a gabansa. Wanda yake da bugun 2014 kuma yana jin daɗinsa, ba dole ba ne ya yi gaggawa, sai dai ya riƙa karanta layin hali da fensir a hannu. Wanda kuma yake fata littafin zai ba shi al'ummar Ork ko ta Duro da zai gina labari a kanta, ya san cewa ba zai same ta a nan ba, aikin yana kansa. Ni na ɗauki tsarin garuruwanmu na yi wa Ork ɗina sarki da galadima da sarkin pawa da unguwar baƙi, kuma ba a taɓa jin daɗin wani gari a wasanmu kamar wannan ba.

'Ya'yan nol kuwa, a Asabar ta gaba aka jefa ƙuri'a, uku suka ce a ɗauke su, biyu suka ce a'a. Barden ya naɗe su a bargo ya kai su wurin wata tsohuwa mai kiwon awaki a bayan ƙauyen, wadda ta ce za ta karɓa idan za a biya ta kuɗin madara da na akuyar da za ta iya ɓata. Malam ya sa gwarzonsa ya rubuta yarjejeniya cewa duk ɓarnar da suka yi a kan barden take. Yanzu a cikin labarin sun kai wata takwas, ɗaya ya riga ya cinye wa tsohuwar kaji biyu, ɗaya kuma yana bin ta rijiya yana ɗaukar mata tulu, kuma a gefen shafin nol na ja layi da fensir a kan kalmar shaiɗan, na rubuta alamar tambaya.